Kwalin Yaren Gida

Lokacin da na fara koyarwa a makarantar Hajiya a Birnin Kebbi, ɗakuna uku ne a bayan gidanta, sai dalbejiyar da muke taron safe a ƙarƙashinta. Hajiya tsohuwar malama ce da ta yi ritaya ta ƙi zama. Ita ce shugaba, ita ke kaɗa ƙararrawa, in yaro ya ɓata wando ita ke wankewa. Ni ina riƙe da aji biyu, da ƙaramin ciki.

Kafin cikin nan ya zama yarinya 'yar shekara takwas, mun koma bene a hanyar Argungu. 'Yan kasuwar da ke shiga Kamba da Gaya da Dosso ne suka matsa wa Hajiya, suna son 'ya'yansu su iya Faransanci, don a can abincinsu yake. Ta ɗauko malamai biyu daga Nijar, ɗaya daga Kwatano. Aka raba rana, Turanci da safe, Faransanci in an dawo tara. Aka sake allon ƙofa, aka rubuta cewa mun zama ta ƙasa da ƙasa. Wallahi na yi alfahari. Ɗan manomin albasa ya tsaya yana hira da baƙo daga Yamai ba tafinta, wa zai ƙi?

Dokar hana Hausa kuwa ni na kawo ta, kada a ɗora wa Hajiya. An taɓa yi mini dariya a wajen neman aiki saboda Turancina, abin bai bar ni ba. Na ce ba za a yi wa yaranmu haka ba. Na yanko kwali, na sa masa igiya, na rubuta da Turanci cewa mai wannan ya yi yaren gida. Duk wanda na kama sai ya wuni da shi a wuya. Ba na ɗaga ƙafa, yara har laƙabi suka sa mini a ɓoye, na sani sarai.

Mahaifina masunci ne a Argungu, yana taɓa noman shinkafa. Tsakaninsa da ɗiyata wasan kaka da jika ne na gasken gaske. Shi ya ce mata amarya, ita ta ce ba ta auren tsoho mai warin kifi. In suka haɗu gidan ba mai jin maganar wani.

Wata Talata ya shigo gari, ya tarar gida a rufe, ya biyo mu makaranta da ƙullin banda a hannu. An fito tara ke nan. Ɗiyata ta hango shi ta sheƙo da gudu, sai ta hango ni a bakin aji, kwalin na lilo a hannuna. Ta ja birki. Ta ƙaraso a hankali ta durƙusa.

“Amarya,” in ji Baba, “yau ba a ce ma tsoho komi?”

Ya sake ja, ya ce ko ta samu wani mijin birni ne. Ta sunkuyar da kai ta yi masa ina kwana da Turanci, can ƙasa-ƙasa.

Kalma ɗaya ce a bakina da ta isa. Amma yara sun zagaye mu, kuma jiya-jiya na rataya wa wata yarinya kwalin don ta faɗi ta ce wayyo. Na ga in na sassauta wa tawa, na zubar da girmana. Sai na gyara riƙon kwalin a hannuna. Baba ya ajiye kifin a kan benci, ya ce a gai da mai gidana, ya juya.

Da muka je Argungu da ƙaramar salla, da sunanta na yanka ya kira ta. Ya amsa gaisuwarta yadda ake amsa ta ɗiyar maƙwabci. Ta yi ta zagayarsa tana jiran ya tsokane ta, bai yi ba. A mota ta tambaye ni ko Baba ya sake ta ne. Na so in yi dariya, na ga hawaye take yi. Ran nan na ji kunyar kaina, na kuma ji haushin Baba, tsoho da riƙo kan yarinya ƙarama.

Na kai wa Hajiya maganar. Ba ta yi mini faɗa ba, ta tara malamai. Malamin Faransancin da ya zo daga Dosso ya ce shi da Zabarmanci ya tashi, ya ɗauki Hausa a kasuwa, Faransanci a aji, kuma har yau babu wanda ya cinye wani a bakinsa. Hajiya ta karɓi kwalin, ta ninke shi huɗu, ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburinta da ke girgiɗi. Ta ce a aji a yi harshen darasi, a fili kowa ya yi wanda ya sha a nono. Da ƙafarta ta je Argungu ta roƙi Baba ya zo ya nuna wa yara yadda ake su, wato kamun kifi.

Ya zo da homarsa, ragar masunta, da goransa. Ya kwanta a kan goran a tsakiyar fili yana nuna yadda ake iyo, yara na ta ƙyaƙyata. Sai muryar ɗiyata daga baya: “Tsoho, bi a hankali kar ka karye, ba ni jinya.”

Ya ɗago, bakinsa har kunne. “Ashe amarya na da baki.”

Da zai tafi na raka shi bakin ƙofa, na durƙusa. Na ce ya yafe wa yarinya, ƙuruciya ce.

“Mi ta yi mani?” ya ce. “Ran nan na ga inda take kallo, hannunki take kallo. Na bar wasa da ita don ban san inda dokarku ta tsaya ba. Tsoro nai in ja ta da magana a gidana, ki rataya mata abin nan a wuya.”

Ya saɓa homarsa, ya tsai da mai mashin.