Kwamfutar da ta tona min asiri

Jama'a, yau da ƙasa za ta tsage da na shige!

Oga ya sa ni haɗa mana kwamfuta ta cikin kwamfuta, wato manhaja mai aiki kamar kwamfuta sukutum, don kowa ya samu kayan aiki iri ɗaya. Maimakon in rubuta fayil ɗin da zai gina ta daga farko, sai na yi ƙiwa, na kwafe tawa ɗungurungum na raba a filas, ɗan abin nan na ajiyar fayil.

Mu shida muka kunna. Komai ya tashi iri ɗaya! Har da takardar neman aiki a Minna da na bari a buɗe!

Abokiyar aikina Rahila ta ce, "Isiya, Allah ya ba da sa'a."

Oga ya karanta tsaf, ya ce, "Aiki ya yi kyau. A nan Kontagoran da ka rubuta cewa ba a koyon komai ka koya?"