An Tambaye Ta? Jinjina ga Sista Hureira ta Setapak

Da an idar da sallar asuba, Sista Hureira za ta ɗora ruwan shayi, ta janyo teburin guga zuwa bakin taga. Shi ne ofishinta, a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur. Sai ta jingina wayarta da gwangwanin madara, ta zube 'yan katunan da ta yanka daga kwalin taliya, kowanne da tambaya a gaba, amsa a baya. Ƙarfe takwas daidai fuskoki za su fara bayyana a wayar, wata da goyo, wata tana hamma, wata ta kashe hotonta don kada a ga ba ta tashi daga gado ba. Dukkansu nas-nas ne daga gida da suka zo ƙaro karatu, suna shirin jarrabawar da ke ba nas lasisin duba marar lafiya ta kuma rubuta masa magani da kanta. Haka take yi tun watan Maris na 2020 da aka kafa dokar kulle saboda korona, kuma ba wanda ya ɗora mata.

Shekara ashirin da uku ta yi tana koyarwa a makarantar aikin jinya a gida, kafin ta biyo mijinta, Dakta Hambali, da aikin jami'a ya kawo Kuala Lumpur. Takardar zamanta ta mai rakiya ce, ba ta da izinin kama aiki. Da wata ce da ta miƙe ƙafa ta huta. Ita kuwa zama ba ya karɓarta, sai ta ɗauki ɓangaren jarrabawar da kowa ke gudu, wato dokar aiki, da ɗa'arsa, da ka'idojin bincike. Ɗalibai suna son haddar magunguna da cututtuka, amma da an zo kan sirrin marar lafiya, ko iyakar abin da lasisin nas ya yarje mata, sai ido ya fara lumshewa.

Sista ba ta sa hadda, labari take kawowa. "Mace ta zo asibiti za a yi mata aiki. Mijinta ya ce a yi, surukarta ta ce a yi, likita ya shirya. Me ya rage?" Wata ta ce gwajin jini, wata ta ce a hana ta cin abinci. Sai ta sauke tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "An tambaye ta?" Saboda yawan faɗarsa har suka laƙaba mata sunan a bayan idonta. Ta sani sarai, kuma a ganinmu tana jin daɗinsa.

Wadda wannan tambaya ta fi ƙonawa ita ce Bilqis, yarinya mai ƙwazo, irin waɗanda ke ɗaga hannu tun ba a gama tambaya ba. Sai ta miƙa bincikenta kafin a bar ta ta zauna jarrabawar, ga wa'adin tallafin karatunta na ƙarewa a wannan zangon. In ta makara, gida za ta koma hannu biyu, bayan shekara biyu da ta bar 'ya'yanta wajen mahaifiyarta. Binciken a kan lafiyar matanmu ne a cikin kulle, barcinsu da damuwarsu da larurorin da mace ba ta faɗa a gaban kowa. Makarantar ta ce tana bukatar mata hamsin.

To a lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita cefane daga kowane gida, kuma kowa ya san wa ke fita. Sai Bilqis ta yi dabara, ta riƙa tsayawa a bakin kedai, wato kantin da ke ƙasan bene, da takunkuminta, tana ba magidanta fom su kai wa iyali. Cikin mako biyu ta tara sittin da biyu. Ta ɗauki hoton shafin sa hannu ta tura wa Sista cike da murna, tana jiran yabo.

Kira ta samu. Sista ta ce, "Bilqis, wace ce Ado?"

Bilqis ta yi dariya. "Mijin ɗaya daga cikin matan ne, Sista. Ai duk mazan ne suka sa hannu."

"Amsoshin fa?"

"Wasu ma su suka cike, don a sauƙaƙa wa matan. Sista, wace mace ce za ta sa hannu a takarda mijinta bai ce ba?"

"Ki nemi izinin miji, wannan ladabi ne, ni ma ina nema. Amma jikin nata ne, sirrin nata ne. An tambaye ta?"

Saura kwana goma sha tara a rufe karɓa, ga azumi ya kama. Bilqis ta fashe da kuka, ta faɗi abin da da yawanmu za mu faɗa. "Supervisor ɗina, malamin da ke duba binciken, ɗan ƙasar nan ne, Sista. Ina zai san Ado sunan namiji ne? Boleh lah, in ji 'yan nan, zai wuce, ba wanda zai gane."

"Ni na gane. Ke ma kin gane. Kuma gobe ke za a bar wa mace a ɗaki ke kaɗai, ba mai duba ki."

Sista Hureira, ke ce kika faɗi wannan magana mai ɗaci, kuma ke ce ba ki ajiye waya kin bar yarinyar da kukanta ba. Washegari kika ɗauki jerin sunayen, kika fara kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya da bakin azumi. "Malam, barka da shan ruwan jiya. Alfarma nake nema, ƙanwata za ta kira maiɗakinka ta yi mata tambayoyi ita kaɗai." Wani ya ce ai ya riga ya amsa, me kuma ya rage. Kika ce masa, "Ka amsa naka, Malam, Allah ya saka. Saura nata." Ba ki ɗaga wa kowa murya ba, ba ki kuma janye ba.

Ita kuma Bilqis ta bi matan a waya. Kowacce sai ta karanta mata bayanin tun daga farko, ta gaya mata ba za a rubuta sunanta ba, tana da ikon ƙi, tana da ikon fasawa ko an yi nisa. Abin dariya, abin tausayi, a fom ɗin farko kusan kowace mace barcinta lafiya ƙalau, ba ta da damuwar komai. Da aka tambaye su da bakinsu, wata sai da ta yi minti arba'in tana magana.

Saura kwana biyu, mata arba'in da tara suka yarda. Sauran sun ƙi, ko ba a same su ba. Ta ƙarshe da Bilqis ta sa wa rai ta saurari bayanin tsaf, sannan ta ce, "Tunda an ce ina iya cewa a'a, to a'a." Bilqis ta san Sista ce ta raka matar nan asibiti a haihuwarta ta fari, ta kuma san ba za ta iya musa mata ba. Bilqis ta roƙi Sista har da haɗawa da Allah. "Kira ɗaya kawai, Sista."

"In na kira ta za ta ce to, don kunyata take ji. Abin da kunya ta karɓo ba yarda ba ne. Ki rubuta arba'in da tara, ki rubuta dalili."

Haka Bilqis ta miƙa, da shafi guda da ya bayyana kuskuren farko, da yadda aka lalata fom sittin da biyu aka sake daga tushe. Mako uku Bilqis ba ta shiga darasi ba, fushi take. Sista kuwa kullum sai ta tura mata hoton katin ranar. Da aka zaunar da Bilqis gaban malamai, kusan duk tambayoyin a kan wannan shafin suka tsaya, aka karɓi aikin da sharaɗin 'yan gyare-gyare. Ta zauna jarrabawar ta ci. Yau tana aiki a gida, kuma an ce ɗalibanta sun fara kiranta da wani suna a bayan idonta.

Mun sha tambayar Sista wace ce matar da ta ƙi. Amsarta ɗaya ce, "Shayinku zai huce." Sai a watan jiya, a walimar bankwana da aka shirya mata don aikin Dakta ya ƙare za su koma gida, wata baiwar Allah mai suna Mero ta miƙe da jaririya a kafaɗa, ba wanda ya kira ta. Ta ce, "Ni ce ta hamsin ɗin. A lokacin ɓari na yi, kwana tara, ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Ban iya amsa tambayoyin nan ba. Da na ce a'a na zauna ina jiran kiran Anti Hureira, na san in ta kira ba ni da bakin ƙi. Ba ta kira ba. Shi ya sa bayan Sallah ni na kira ta da kaina na gaya mata komai. Shekara biyu ke nan, ban taɓa jin maganar a bakin kowa ba." Sista ta sunkuyar da kai tana gyara tabaran da ba abin da ya same shi.

Sista Hureira, uwar ɗalibai, mai riƙon amana. Mata goma sha bakwai suka ci jarrabawa daga kan teburin gugarki, kuma ba takardar da ke ɗauke da sunanki. Mun gode. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba ki ladan da ba mu iya biya. Ku kuma masu aikin asibiti, da mu masu raka iyali, in an miƙo takarda da biro, kafin hannu ya kai, a juya a dubi matar da ke kan gadon, a tambaye ta.