Ɗan Akuya na Uku

Shekarun baya, a farkon zamanin shari'a, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwar Limawa, cikin Dutse. Ni ba na fitowa a wasa, don ko sallama na yi a gaban jama'a sai muryata ta yi rawa. Aikina neman izini, aron benci da lasifika, da tsara lokaci. Abokina mai rubuta mana wasa kan kira ni sarkin benci.

Aka gayyace mu wani ƙauye kusa da Taura. Mai unguwa ya kafa sharaɗi: maza gefe, mata gefe, kuma a tashi kafin kiran magariba, in ba haka ba kada mu sake tako masa gari.

Wasan a kan wani mutum ne da ya ba maƙwabcinsa kiwon akuya don su raba 'ya'ya, sai ta haifi uku, magana ta kai gaban alƙali. Abokina ya rubuta hukuncin alƙali har shafi biyu, yana ji da shi ƙwarai.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne dariya. A wajen gwaji ba mai dariya, a nan kuwa kowace magana sai an jira mutane sun lafa. Alƙali na gyara rawani ke nan na hango ladan ya ɗauki buta. Abokina na yi mini alamar in bari a ƙarasa, mai unguwa kuma ya zuba mini ido.

Na karɓi lasifika, na ce wa jama'a lokaci ya ƙure, amma a ganinsu wa ya kamata a ba ɗan akuya na uku? Ni kaina so nake in ji.

Daga ɓangaren mata wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, wa ke ba akuyar dusa da ruwa? Ai matar mai kiwon ce. Ina kuka baro ta?"

Babu matar a wasan sam, mu takwas ba wanda ya tuna da ita.

Muka tashi a kan lokaci. Abokina ya juya mini baya har Dutse, na zaci mun ɓata ke nan. Washegari sai ga shi da fensir, ya ce in zauna mu sa matar a wasan.

Har yau ina mamakin yadda mai jera benci da mai zama a kai duk hannunsu ke cikin wasa ba su sani ba. Da muka koma ƙauyen bayan girbi, matar na fitowa a wasan da kwanon dusa, na ji tsohuwar tana gaya wa ta kusa da ita cewa wurin nan ita ta rubuta shi.