Babur Ɗin da Ba Ya Gudu

Kowa a ƙauyenmu ya san babur ɗina ba ya gudu. Ba ƙorafi nake ba, a kan haka ma sana'ata ta tsaya. Shekara da shekaru ina ɗaukar mutane daga can bayan Auyo zuwa Haɗejiya, kuma duk wanda ya hau ya san sai ya yi guzurin haƙuri. Samari ba sa tsayar da ni. Nawa su ne tsofaffi da masu ciki da masu kai ƙwai kasuwa. In magidanci zai tura iyalinsa awo, cewa yake a kira masa hawainiya. Ban taɓa jin haushi ba, hawainiyar ce ke ci da ni.

Cikin masu hawa akwai Iya, mahaifiyar abokina. Tare muka tashi da shi, jinga ɗaya ce ta raba gonakinmu na shinkafa, irin tudun ƙasar nan da ake yi don tare ruwa, mu kuma muka mai da shi hanya. Wata damina da kogi ya cika ya tumbatsa, maciji ya sare shi a gona da hantsi. Muka ɗora shi a tsakiyar babur, ƙanin babansa ya riƙe shi ta baya, na kama hanya. Laka ce zalla. Sau biyu muna sauka muna saka babur a kwalekwale. Kan jinga kuwa a giyar farko na bi, don na san in muka zame mu uku cikin ruwa, magana ta ƙare. Mun isa asibiti yana numfashi. Bai kai la'asar ba.

A wurin zaman makoki wata mata ta ce da an yi sauri da wataƙila. Iya ta katse ta. Ta ce, "Ku ƙyale ɗan nan. Ya yi iya yinsa, babur ɗin ne ba ya gudu." Da wannan maganar na samu na riƙa barci. Tun daga lokacin ni nake kai ta asibiti duk wata a duba mata hawan jini. Ta ɗinka ɗan matashi da tsohuwar atamfarta koriya, ta ɗaure a bayan kujera saboda ƙugunta. In ta hau, sai ta dafa kafaɗata da hannun dama, tana nuna mini ramukan da zan kauce wa, kamar jiya aka kawo ni garin.

Bayan shekara uku sai ga 'yan fim daga Kano. Suna son ɗan fashi ya fizge jaka ya tsere da babur a kan jinga, ruwa dama da hagu. Jarumin nasu ya gwada sau biyu, sau biyu kuma ana tsamo shi daga cikin shinkafar mutane. Darakta ya tambaya wa ya fi kowa sanin jingar nan. Jama'a suka nuna ni suna dariya.

Ni ma ina taɓa kallo, na san ƙa'idar. Mai mota alhaji ne, ko ya ci dukiyar marayu sai ƙarshen fim za a gane. Mai babur kuwa tun yana nesa kiɗa ke canzawa. Ban taɓa ganin fim ɗin da ɗan acaɓa ya kai mace awo ya dawo da ita lafiya ba. To wa ma zai kalla?

Na gaya wa darakta gaskiya, na ce babur ɗina ba ya gudu. Ya ce, "Malam, kai dai tafi yadda ka saba. Gudu aikinmu ne, a kwamfuta ake sa shi." Aka naɗa mini rawani har hanci, aka ƙwama mini baƙin tabarau. Ya ce ko wadda ta haife ni ba za ta gane ni ba. Mutumin birni ke nan, shi a zatonsa da fuska ake gane mutum. Mu nan da zama muke ganewa, da yadda mutum ke karkata in ya zo kwana. Matashin Iya kuwa yana nan ɗaure a baya. Babu wanda ya ce a kwance shi, ni ma ban tuna ba.

Na tafi yadda na saba. Har tsayawa na yi wata akuya ta wuce, suka ce ba komai, za su yanke.

Da fim ya fito, a shagon mai cajin waya na fara ganinsa. Kai! Babur ya tashi kamar an harbo shi. Sun cire kukansa na injin markaɗe sun sa masa wani ruri da ban san inda suka samo ba. Balbelun da ke bayana ma sai fiffike suke kamar an biyo su. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na yi ta maimaitawa har mai wayar ya karɓe abarsa.

Kafin kwana biyu gari ya ɗauka. In na shigo tasha sai abokan sana'a su rungume aljihunsu. Magidanta biyu suka daina aiko mini da iyalansu. Ɗaya ya ce, "Ba wai na zarge ka ba ne, amma wanda ya iya a fim ai ya iya a fili." Sati biyu suka dawo da kansu, bayan wani mai rawar kai ya zubar musu da mata a rami. Samari kuma suka fara tsayar da ni. Wani ya hau, muka yi ɗan nisa, ya ce in sauke shi, sauri yake.

Duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba, har ranar asibitin Iya ta zagayo. Lokacin an yi girbi, ruwa ya janye, hanya ta bushe. Na yi sallama da safe na same ta zaune a tabarma, ta yafa mayafi, katin asibiti a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, sannan ta ce, "Ɗan nan, jikata ta nuna mini kai a waya."

Na yi dariya, na fara cewa ai wasa ne, jakar ma tsumma ne a ciki.

Ta ce, "Wa ya yi maganar sata? Ni na goye ka, na san ba ka ɗaukar na mutane." Ta juya katin a hannunta. "Matashina na gani. Jingar kuma ita ce, ta wajen gonarsa." Sai ta ce, "Ashe yana gudu."

Na shiga bayani, na ce kwamfuta ce, na faɗi abin da darakta ya ce. Na sa aka kawo wayar, na nuna mata balbelun, na ce ta duba, ai tsuntsu ba ya fiffike haka. Ta kalla da kyau. Ta ce balbela in ta firgita haka take yi. Na ce, "Wallahi, Iya..." Ta ce, "Kada ka rantse. Na ji."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba, har da ranar da muka binne abokina. Ran nan akwai wadda ta tsaya mini.

Ta hau. Ta zauna a kan matashinta, amma ba ta dafa ni ba, ƙarfen baya ta riƙe. Muka wuce ramuka uku ba ta nuna mini ko ɗaya ba. Da muka hau jinga, daidai gonar, sai na ji ta ce, "Murɗa in gani."

Na ce, "Iya, ƙugunki."

Ta ce, "Murɗa."

Na yi niyyar in nuna mata gaskiya ta huta, ni ma in huta. Na sa giya ta ƙarshe, na murɗa har inda hannu ya tsaya, abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi babur ɗin. Ya yi tari, ya yi kakari, sannan ya miƙe. Bai kai na fim ba. Amma iska ta cika mini riga, karan shinkafa na wucewa ban iya bambance su, kuma ban ji alamar zai gaji ba.

Ina da abin faɗa. Ran nan laka ce, yau busasshiyar ƙasa. Ran nan mu uku ne, yau mu biyu. Duk gaskiya ne, kuma na sha gaya wa kaina tun daga lokacin. Ban faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Mun isa asibiti ko tagar karɓar kati ba a buɗe ba. Muka zauna a benci, ita a wannan gefe ni a wancan, muna jira.