Amsar Da Ta Hana Malam Haladu Ganin Kabarin Ƙaninsa

Wata rana, cikin hutun ƙarshen zango, wani malamin firamare ya rataya jaka ya kama hanyar wata ƙasa neman kabari.

Sunansa Malam Haladu. Sunan ƙasar kuwa ku bar ni da shi, ba na son rigima a ƙarƙashin rubutun nan.

Kabarin ƙaninsa ne, Lurwanu. Soja ne. Shekara goma sha ɗaya kafin nan aka ɗebe su a jirgi aka kai su can, aka ce za su maido da zaɓaɓɓiyar gwamnatin da wasu suka kifar.

Rediyo ya yi ta kiɗa. Mu ma nan mun yi tafi, kada wani ya ce bai yi ba.

Lurwanu bai dawo ba. Abin da ya dawo takarda ce, da akwatin ƙarfe mai kayansa, da hafsoshi biyu da suka zo gaisuwa suka ƙi zama.

Mahaifiyarsu, Inna Ladidi, ta haɗiye abin ta yi shiru irin na iyayenmu. Amma da tsufa ya kama ta, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, sai buƙata ɗaya ta tsaya mata a rai. So take wani nata ya je ya tsaya a kan kabarin, ya kira sunan yaron, ya yi masa addu'a, ya dawo ya ce mata ya gani.

Iyakar abin da ta roƙa ke nan.

Wani abokin aikin Lurwanu da ya dawo da rai ne ya ba Malam Haladu sunan garin. Kwana huɗu ya yi a mota, ƙafa ta kumbura, kafin ya sauka a zangon Hausawa wajen wani Alhaji Namadi mai goro, wanda ya shekara talatin a ƙasar.

Bayan an ci an sha, Malam Haladu ya buɗe jaka ya zaro hoton Lurwanu. Babban hoto ne cikin gilashi, da kaki da hula da komai. A gida, shi ne a rataye a saman talabijin, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa.

Alhaji Namadi ya kalli hoton, ya kalli ƙofa, ya ce a maida shi jaka. Ya ce har yau mutanen garin in sun hango irin kakin nan sai su canza hanya.

Abin ya ɗaure wa Malam Haladu kai, ya kuma ɓata masa rai. Shi abin da ya sani, taimako aka zo yi musu. Haka ya ji a rediyo, haka kuma ya shekara goma yana koya wa 'yan aji shida. Ga shi duk zaɓe sai an ɗauke shi malamin zaɓe, shi ke shafa wa mutane tawada a yatsa, yana yi yana jin kansa.

Sai Alhaji Namadi ya ba shi labarin gada.

Akwai gada a bakin garin, ita kaɗai ce hanyar asibiti. Sojojin suka kafa shinge a kanta. Wata safiya aka rufe, aka ce umarni ne daga sama. Aka kawo wata mai naƙuda a amalanke, aka yi roƙo, aka yi kuka, ba a buɗe ba. Tun hantsi har la'asar tana nan cikin rana. A nan ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Wata biyu bayan haka aka gwabza faɗa a gadar, sojojin suka janye a guje, suka bar gawa uku, ɗaya ta Lurwanu ce. Mutanen gari suka ce ba mai taɓa su.

Mutum ɗaya ne ya fito. Wani tsoho mai haƙar kabari. Ya wanke su, ya yi musu sutura da yadinsa, ya sallace su, ya binne su a cikin gonarsa ba tare da alama ba, don kada samarin gari su tone. Yanzu rogo ne ya rufe gonar daga wannan gefe zuwa wancan. In ba shi ba, babu mahaluƙin da ya san wurin.

Wannan tsoho shi ne uban mai naƙudar.

 Malam Haladu bai taɓa jin labarin gada ba sai ranar.

Alhaji Namadi ya ja masa kunne. Ya ce in sun je, ya gaida tsoho, ya faɗi halin da Inna ke ciki, sannan ya ja bakinsa ya tsuke.

To amma kun san malaman makaranta. Allah ya yi su da son gyara.

Washegari da hantsi suka iske tsohon a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Yana jin Hausa, don da ƙuruciya ya yi fataucin shanu. Ya saurari labarin tas. Da aka zo kan tsohuwa makauniya da ke jira, sai idonsa ya kawo ruwa.

Ya ajiye fartanya. Ya jawo takalmansa ya saka. Ya dogara sanda ya miƙe.

Gonar ga ta can ana hango ta, tafiyar da ba ta kai ta zuwa masallaci ba.

Yana gyara riga ya ce, "Ɗana, ban riƙe su a zuciya ba. Yara ne. Na san irin ƙasarku, mai bindiga ɗaya ne a sama, in ya ce a tafi sai a tafi. Ku ma can a ɗaure kuke kamar mu."

Nan fa malanta ta motsa. Malam Haladu ya ji an raina masa ƙasa. Alhaji Namadi ya taka masa ƙafa, amma ina, baki ya riga ya buɗe.

"A'a, Baba, ba haka ba ne. Mu mulkin farar hula muke yi. Da hannunmu muke zaɓen shugabanninmu. Ni kaina malamin zaɓe ne."

Tsoho ya tsaya cak.

"Wanda ya turo su, ku kuka zaɓe shi?"

"Mu ne, Baba."

"Bayan abin da aka yi a gada, kun cire shi?"

"Ya sake cin zaɓe."

"Da ƙuri'arka?"

Malam Haladu ya sunkuyar da kai.

"Ashe ba tilas aka yi muku ba," in ji tsoho. "Ku kuka aiko su."

Ya koma ya zauna. Ya cire takalman ya jera su a gefe. Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba da gyara.

Kwana uku Malam Haladu yana zarya gindin mangwaron nan. Ya ba da haƙuri. Ya kawo limamin zango. Ya yi kuka da hawaye, kukan da bai yi ba ranar da takarda ta zo.

Har ya koma yana rantsuwa cewa a ƙasarsu ba wanda ke tambayar talaka kafin a tafi yaƙi. Ya ce shinkafa da taki ake zaɓa, da ɗan garinmu da ɗan yarenmu. Ya ce ƙuri'ar ma sau da yawa ba ita ake ƙirgawa ba. Mutumin da shekaranjiya yake tinƙaho da zaɓe, yau shi ke tsige shi da bakinsa, kuma abin takaicin, duka biyun gaskiya ya faɗa.

Tsoho bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Rannan ka ce ku ne. Yau ka ce ba ku ba ne. To ni wa zan tambaya 'yata?"

 Ni kaina da nake ba ku labarin ba ni da amsar wannan tambaya.

Ranar da zai tafi, ya je bakin gonar ya tsaya. Rogo ne kore shar har iyakar ganinsa. Ya kira sunan Lurwanu ta gabas, ya kira ta yamma, ya yi addu'a bai san ina zai fuskanta ba. Wataƙila taku goma ne tsakaninsu. Wataƙila a kansa ma yake tsaye.

Da ya iso gida, Inna Ladidi ta gane takunsa tun daga zaure. Ta laluba ta kama hannunsa.

"Ka gani?"

"An yi masa wanka, Inna. An yi masa salla. Mutumin kirki ne ya binne shi."

"Ba shi na tambaye ka ba, Haladu."



Ta saki hannun a hankali, ta ce, "To."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Kafin damina ta faɗi Allah ya karɓi abarsa.

Bara Alhaji Namadi ya bugo wa Malam Haladu waya. Ya ce tsohon ma ya rasu, bai faɗa wa kowa wurin ba. Magada sun sayar da gonar, wanda ya saya ya sa katafila ta baje ta, ana buga bulo a wurin.

Darasi:

Mutanen waje ba sa karanta kundin tsarin mulkinku, ba sa sauraron jawabin shugabanku. Sojan da ya tsaya musu a gada, shi ne siyasarku a wurinsu.

In suka ɗauka danne ku aka yi, su ji tausayinku. In suka ji ku kuka zaɓa, su sa ku a layi ɗaya da wanda ya rufe hanya, ko da ba ku taɓa jin sunan garinsu ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na san mafita ba. Gobe in aka sake ɗibar 'ya'yan mutane a jirgi, rediyo zai yi kiɗa, kuma na san za mu yi tafi.

In kana da wanda yake tafin nan da ƙarfi, tura masa wannan ya karanta. In kana da wanda aka tafi da nasa bai dawo ba, kada ka tura masa, ka je ka gaishe shi.