Iyafis Mai Kunne Ɗaya

Shekarar da ɓarin jikin Baffa ya shanye, gangar noman gidanmu ta koma ratayen bango. Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne makaɗin gayya a Gammo tun ba a haife ni ba. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, wato kiɗan da idan aka buga an kira mutum ɗaya tak, kuma duk taken nan a hannun Baffa suke. Yanzu hannun ya mutu, maganarsa ma sai an kasa kunne. Ni kuwa tela ne a Gwarzo, tun ina ƙarami aka kai ni koyon ɗinki, sanina a ganga bai wuce na wasa ba. Amma da aka sa ranar gayya a gonar gidanmu, Baffa ya ɗaga lafiyayyen hannunsa ya nuna ni, ya nuna gangar. Babu wanda ya tambaye ni ko ina so. Abin da na sani shi ne, idan na kasa, kiɗan gidanmu ya ƙare a kan idonsa.

Abin da ya rage mana wani tsohon kaset ne da aka taɓa ɗaukar Baffa a zaure, shi kaɗai, yana bin take ɗaya bayan ɗaya. Na kai wa masu tura waƙoƙi a Kabo suka juye min a memori. Da farko a waya nake saurara, amma ina! Da na riƙe gula, sandar kiɗan, na fara kama hanya, sai kira ya shigo: "Malam, ina zancen wandona?" Wandon mutane ya hana ni koyon ganga. Na ce gara in sayi emfi, ƙaramin abin sauraro da ba wanda zai kira ni ta cikinsa.

Nan na haɗu da jarabawata: wani mai shagon kayan waya a kasuwar Gwarzo, wanda komai ka taɓa sai ya ce orijina ne. Emfin farko girmansa ya kai burodi, da fitilu masu walwali, kuma da ka kunna sai wata mata ta daka maka tsawa da Turanci. Na mayar. Na biyu kamar kwalin ashana, amma idan ka danna don ka ɗan koma baya, sai ya mayar da kai farkon kaset gaba ɗaya. Na mayar. Na uku ne ya yi dama-dama, sai kuma aka shiga rigimar iyafis, abin sawa a kunne.

Iyafis na farko kunne ɗaya ne ke magana. Na koma a fusace.

"Yallaɓai," in ji shi, ko kunya babu, "ai kunne ɗaya ma ya isa jin magana."

Ya ƙi karɓa. Na dunƙule shi na cusa a aljihu don kada in jefe shi da shi. Na sayi marar igiya, mai kama da ƙwayar gyaɗa biyu. Bugun farko da na saki kafaɗa, ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasa, kajin Inna, matar Baffa, suka yi kansa a guje. A ƙarshe na ɗauko ƙato mai rufe kunnuwa ruf, irin wanda ko aradu ta faɗi ba za ka ji ba. Na ce yauwa, an zo wurin.

Sai wata matsalar ta ɓullo. Akwai take guda, wanda ya fi kowanne daɗi, da kiɗan ke tafiya sai ya ɗauke ɗif, ya yi jim, sannan ya dawo. Haka yake yi a wurare da yawa. Na ce emfin ne ke tsallake. Mai shago ya ce memori ne. Mai turawa a Kabo ya ce kaset ne ya tsufa. Kowa ya wanke hannunsa, ni aka bari da ramuka a cikin kiɗa. Na kunna wa Baffa, ya yi ta maimaita wata kalma da ban gane ba, har Inna ta ce in ƙyale shi ya huta. Haushi ya sa na cike ramukan da bugun kaina.

Wata hantsi ina ƙarƙashin ɗorawa a bayan gari, kunnuwa a rufe, ido a rufe, ina ta maimaita wannan taken a ganga, sai na ji an zungure ni a haƙarƙari. Na buɗe ido. Wani tsohon maƙwabcinmu ne, wanda a zamaninsa aka ce ba a shan gabansa a kunyar noma. Yanzu ido ya yi rauni, baya ya ranƙwafa, amma ga garma a kafaɗarsa, yana haki. Bakinsa na motsi, ni ba na jin komai. Na fizge abin daga kaina.

"Baba, ina kwana? An tashi lafi..."

"Riƙe gaisuwarka. Tun ɗazu nake magana kana kaɗa kai kamar ƙadangare." Ya matso ya ƙura min ido, sai muryarsa ta sauka. "Au, kai ne. Daga ɗaki na ji takena. Na ce hannun baffanka ya tashi."

Ban san takensa ba ne, ban kuma san ana jin gangar har cikin gari ba.

"Ka kira ni na zo," in ji shi, "sannan ka hana ni baki. Duk inda zan amsa sai ka cusa gula a wurin. Wa ya koya maka haka?"

Ashe ramukan nan ba lalacewa ba ce. Wurinsa ne Baffa ke bar masa, ko da ba ya nan.

Ya ce in sake. Ban haddace ba tukuna, dole sai ina jin Baffa, kuma dole in ji tsohon. Na laluba aljihu, na zaro iyafis ɗin nan mai kunne ɗaya, na warware shi ina tsaki. Na buga. Da kiɗan ya ɗauke a kunnena na dama, na riƙe hannuna a sama, sai ta kunnen hagu na ji tsohon ya ɗaga murya tana rawa: "Ga ni! Garma ta san hannuna, rana ta san bayana!"

Har yau ina jin haushin mai shagon nan, don ya faɗi gaskiya ba da niyya ba.

Ranar gayya aka shimfiɗa wa Baffa tabarma a inuwa. Tsohon bai iya kai ko rabin kunya ba, amma ya shiga sahu da garmarsa. Na buga takensa, na bar masa wurinsa, ya cike shi. Na waiwaya. Baffa yana dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin ɗaya ɓarin, yana faɗin kalmar nan da ya yi ta gaya min. Wannan karon kunnena a buɗe yake.

"Amsa," yake cewa. "Amsa."