Dutsen Inna Mai Tururuwa

Ni mutumin Kebbe ne. Kafin in lalace gyaran babur nake yi a bakin tasha, ba wanda ya taɓa kuka da ni.

Innata tana da wani dutsen wuya mai ruwan zuma da ta gada wurin kakarta. In ka ɗaga shi a rana sai ka ga tururuwa a ciki, ko ƙafa ɗaya ba ta karye ba. Muna yara takan ba mu mu leƙa, sannan ta ƙulle abinta a bakin zane.

Wata rana na ɗauko shi ba da saninta ba, na nuna wa wani malamin makaranta da ya kawo gyara. Ya daɗe yana jujjuya shi. Ya ce ƙaron itace ne ya daskare tun zamanin da ba mai iya ƙirgawa, kuma irin wannan tururuwa ta ƙare a duniya.

"Akwai masu sayen shi da tsada," in ji shi, "amma ka mai da ma tsohuwa abinta."

Ban mayar ba. Ran kasuwar Tambuwal na sayar wa wani baƙo. Da Inna ta shiga nema, har kwashe tabarmi na taya ta. Ta dube ni ta ce, "Bari hakanan, ɗana. Na san inda yat tafi."

Daga nan ido ya buɗe. Na koyi narka roba, in jefa tururuwar bayan gida a ciki, in goge, in sayar wa matan Fulani a Dogon Daji da sunan dutsen kakanni. Wata ta ba ni akuyarta sukutum. Mijinta ya soka wa dutsen allura mai zafi, warin roba ya tashi. Shekara biyu aka ɗaure ni.

Ina can yayana ya zo, ya ƙi zama. Ya ce, "Inna ta rasu. Ta ce a faɗa maka ta yafe. Kai taka cigiya har ƙarshe, ba dutse ba."

Da na fito na sayi akuya na kai wa matar nan. Na bi kasuwa kasuwa ina neman baƙon, ba wanda ya san shi. Na koma gyaran babur, na tuba ga Allah, amma har yau in na shiga gida bakina kan kama sallamar Inna kafin in tuna.

Samari, ni da kallo na fara, ba da sata ba. In akwai abin da kuka ɗauka a gida, ku mayar yau, tun mai shi tana iya miƙo hannu ta karɓa.